Kumatun Mabushi: Doka Da Dalilinta

Ran nan da la'asar muna tsaye a bakin fili muna kallon 'yan badujala suna gwaji, sai muka ji mai koyar da su ya daka wa wani sabon shiga tsawa, ya ce, "Kai, daina cika kumatun nan! An gaya maka algaita kake busawa?" Duk muka bushe da dariya. Amma da muka koma ɗaki muka sake nazari, sai muka ga malamin yana da gaskiya a rabin maganarsa, mu kuwa da muka yi dariya ba mu da ita ko kaɗan.

Bari mu fara da rabin gaskiyar. Ƙahonin Turawa, watau irin su begila da tirampet da tirambon, ba su da wani abu a cikinsu da ke yin ƙara da kansa. Leɓɓan mabushi ne ke karkarwa a cikin ɗan ƙoƙon da ke bakin ƙahon, tagullar kuma ta ɗauki sautin ta ƙara masa amo. Don haka dole tsokar da ta kewaye baki da ta kumatu su riƙe gefen baki kam, ƙofar iska ta zauna 'yar ƙarama. In ɗan koyo ya bar kumatunsa suka kumbura, sai su janye gefen bakin, ƙofar ta saki, murya ta karkace, ta sama kuwa ta gagare shi. Daga nan sai ya shiga danna ƙarfe a kan leɓe don ya cike gurbin, wannan kuwa ba ƙaramin haɗari ba ne. Louis Armstrong, wanda ya ziyarci Nijeriya a 1960, ba ya cikin masu cika kumatu, amma yawan danna ƙaho da neman murya ta sama sun sa leɓensa ya sha tsagewa, har a tsakiyar shekarun 1930 sai da ya ajiye busa na wani lokaci. Ashe dokar tana da tushe, kuma muna goyon bayan a koya wa kowane sabon shiga ita.

To, sai dai ga Dizzy Gillespie, wanda aka haifa a garin Cheraw na Amurka a 1917, ya rasu a 1993. Mafi yawan busarsa da kansa ya koya tun yana yaro. In ya kafa ƙaho a baki, kumatunsa kan kumbura har wuya, kamar kwaɗo yana kuka da damina. Duk da haka shi ne, tare da Charlie Parker, suka buɗe sabon salon kiɗan jaz a shekarun 1940, kuma kaɗan ne suka kamo shi wajen sauri da kai wa murya ta sama. A 1989 har sarauta aka naɗa masa a Iperu ta Jihar Ogun. Masu raina doka sukan kafa hujja da shi, alhali kuwa sun manta cewa ko da kumatunsa suka saki, tsakiyar leɓɓansa tana nan daram, sakamakon gwaji na shekara da shekaru. Wanda ya kwaikwayi kumatun ya bar wahalar, kumatun kaɗai zai samu.

Yanzu mu dawo ga abin da ya ba mu dariya. Algaita ba 'yar ɗakin tirampet ba ce. A bakinta akwai ɗan siririn kara mai harshe biyu, shi ne ke karkarwa, mabushi kuwa yakan sa shi gaba ɗaya cikin baki, ya jingina leɓɓansa da wani ɗan faifai. Tun da ba leɓe ke yin sautin ba, kumatu sun sami damar yin wani aiki. Mai algaita yakan tara iska a cikinsu, ya matso ta a hankali kamar zugazugin maƙeri, a daidai lokacin nan kuma yana shaƙar sabuwa ta hanci. Shi ya sa a hawan Salla za ka ji algaita tana tafe ba yankewa, kai ka ce mai ita ba ya numfashi. Wannan dabara ce mai wuyar gaske, kuma manyan mabusan ƙahon Turawa, irin su Clark Terry, sai da suka zauna suka koye ta, aka yi ta yaba musu. Abin da ake tafa wa a can, shi muke yi wa dariya a nan. In ma ɗan'uwan tirampet ake nema a ƙasarmu, ai kakaki ne, wanda shi ma da karkarwar leɓe yake magana.

Lalle rashin sani ya fi dare duhu. Mun karɓi doka daga wani kayan busa, mun jefar da dalilinta, sa'an nan muka mai da ita ma'aunin wayewar kai. Ɗan mai algaita da ya shigo makaranta ya ji ana yi wa sana'ar ubansa ba'a, da wace fuska zai koma gida ya ce a koya masa? Ita kuwa wannan sana'a ba a littafi take ba, daga baki take zuwa baki, in an tsallake ɗa guda ta yanke. Wannan hali bai tsaya ga filin badujala ba. Mu ne gobe za mu zauna a ofisoshi, takardun umurni na zuwa daga sama, kuma ma'aikacin da ya saba bin doka ba tare da ya tambayi dalilinta ba, zai ɗora ta har inda ba ta da gurbi.

Saboda haka muna kira ga masu koyar da badujala, in za su hana cika kumatu, su faɗi dalili, su bar sunan algaita ya huta. Muna kuma roƙon ƙungiyarmu ta ɗalibai, a makon al'adu mai zuwa, ta gayyato mabusan fada, ba don su yi wa manyan baƙi busa a bakin ƙofa kawai ba, a ba su kujera a zauren lacca su nuna mana yadda ake wannan numfashi. Duk wanda yake ganin abin wasa ne, a miƙa masa tsinken shan lemo da kofin ruwa, ya busa kumfa na minti ɗaya ba tsayawa.