Littafin Kyauta a Bakin Titi Ba Zai Koya wa Yaron Guri Karatu Ba

Duk lokacin da aka tashi kukan cewa jama'a sun daina karatu, maganin da ke fara zuwa bakin masu niyyar alheri shi ne a cika kwali da littattafai, a tsaya a bakin titi a raba kyauta, a ɗauki hoto. Dabarar ba sabuwa ba ce. A Birtaniya an fara World Book Night a 2011, 'yan sa-kai suka raba littafi miliyan ɗaya, amma reshen shirin na Amurka ya rufe a 2014 saboda kuɗi sun gaza. A nan gida ma, Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da Bring Back the Book a Legas a Disambar 2010, aka yi biki, aka watse.

Da za a kai wannan kwali Guri, a fadamar Kogin Haɗeja, wa zai karɓa? A 2014 an gwada karatun 'yan aji uku na firamare a Jigawa, Kano, Katsina da Kaduna, da tallafin hukumar USAID. Akasarinsu ba su iya karanta ko kalma ɗaya a cikin ɗan gajeren labarin Hausa ba. Yaron da ke cikin wannan hali, idan aka miƙa masa littafi, takarda kawai aka ba shi, kuma mai ƙosai da mai bandar kifi sun san amfanin takarda. Balle ma abin da ake rabawa galibi ragowar shagunan wasu ne, cikin Turanci, labarin dusar ƙanƙara ga ɗan masunci.

Zargin da ke ƙarƙashin rabon, wato Bahaushe ba ya karatu sai an ba shi a banza, tarihi ya ƙaryata shi. Tun daga shekarun 1980, littattafan su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun ratsa ƙasar Hausa ba tare da wata gidauniya ba. Matan aure da 'yan mata sun cire kuɗi daga ɗan abin sana'arsu sun saya, wadda ba ta da na saye ta ɗauki haya a shago, ta karanta, ta mayar, ta karɓo kashi na biyu. Mai shagon haya ya san sunan kowace mai karatu da abin da take so. Sakayyar da waɗannan masu karatu suka samu daga hukuma ita ce ƙona irin littattafan a Kano a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Gaskiya ne akwai ɗalibin sakandare mai ƙishin karatu wanda ba shi da ko kwabo, kuma kyauta za ta faranta masa. To amma zai gama littafin cikin mako guda, alhali mai rabon ya koma Dutse ko Abuja. Wa zai ba shi na biyu?

Sannan ga ruwa. Kachalla ta toshe hanyoyin kogi, ambaliya na cin gidaje da makarantu a yankin, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Littafin da aka kai ɗakin ƙasa yana tafiya tare da katangar.

Kuɗin motar rabo da riguna masu tambari da mai ɗaukar hoto sun isa a fara da ɗaki guda a kan tudu, da kanta mai nisa da ƙasa, da littattafan Hausa na boko da na ajami, tun daga na masu koyon baƙi har zuwa Magana Jari Ce. Sai rajistar aro, da malami mai albashi wanda zai buɗe ƙofa bayan la'asar ya zauna da yaran da ba su gama haɗa baƙi da wasali ba. Albashin nan ne ba a son ɗauka, domin duk wata sai an biya shi, ko an zo da kyamara ko ba a zo ba.