Hannun Ma'aikaci da Kalmar "Ƙaddara Ce"

A Sharaɗa da Dakata a Kano, da Panteka a Kaduna, da bayan kusan kowace kasuwa a garuruwanmu, akwai ƙananan masana'antun da gidaje da yawa ke ci daga gare su: gidajen burodi, masu ƙulla ruwan leda, masu narka roba, injinan casar shinkafa da na matsar gyaɗa. Arziki ne, Allah Ya ƙara. Sai dai ranar da bel ɗin inji ya fizge yatsun wani yaro, kalmar da ake fara ji ita ce "ƙaddara ce". Maigida ya biya kuɗin ɗinki, ya miƙa ɗan abin da ya sawwaƙa, kafin wata ya cika an ɗauki wani a gurbinsa.

Imani da ƙaddara rukuni ne, ba mu jayayya da shi. Amma magabata ba su mayar da shi mafakar sakaci ba. Lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya ji labarin annoba a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, ya kuma bayyana cewa gudun ma yana cikin ƙaddarar. Malaman fiƙihu sun ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya a hanyar jama'a wani ya faɗa, ko da bai yi nufin cutar da kowa ba. Shari'a ta ƙayyade diyyar yatsa ɗaya da raƙuma 10, wato ushurin diyyar rai. Alƙali ne zai tantance wanda ya yi sakaci a kowane hatsari, amma wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna cewa yatsan lebura ba abin da ake sallama da kuɗin mota ba ne.

Wasu na ɗaukar dokokin ƙwadago a matsayin kayan Turawa da suka shafi manyan kamfanoni kawai. To, mu duba abin da ke ciki. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta yi wa masana'anta rajista, da killace sassan inji masu haɗari, da tanadin hanyar tsira idan gobara ta tashi, da iska wadatacciya, da ruwan sha, da akwatin taimakon gaggawa. Wanne ne a cikin waɗannan Musulmi zai ce ya saɓa wa addininsa? Dokar Ƙwadago kuma ta ce a bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Mu da ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani take magana a kan rubuta bashi, bai kamata takarda ta zame mana baƙuwa ba.

Akwai kuma Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010. Mai kamfani zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya ga hukumar NSITF, ita kuma ta ɗauki nauyin wanda ya ji rauni a bakin aiki ko iyalan wanda ya rasu. Wanda ke biyan albashin naira 500,000 a wata, naira 5,000 ce ta hau kansa, kuma dokar ta hana a cire ta daga albashin ma'aikaci. Mun san tsadar dizal da rashin wuta da yawan haraji sun matse masu sana'a. Amma wanda ke iya zuwa Umara duk azumi ba zai ce murfin bel ya fi ƙarfinsa ba.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne kulle ƙofa a kan masu aikin dare don gudun sata. A watan Satumba na 2002 gobara ta tashi a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, ma'aikata da dama suka ƙone saboda an rufe su a ciki. A watan Yuni na 2020 'yan sanda suka fito da ma'aikata fiye da 100 da aka tsare makonni a wani kamfanin shinkafa a Kano lokacin kullen korona. Buhun da aka sace ana iya mayar da shi. Mai tsoron ɓarawo ya ɗauki maigadi, ya bar ƙofar tsira tana buɗuwa daga ciki.

Ma'aikaci ma yana da nasa. Wanda ya cire murfin inji don aiki ya yi sauri, ko ya jefar da safar hannu da tabarau saboda zafi, ya yi wasa da amanar jikinsa.

Mu kuma limamai da masu unguwanni, mu ne ake kira sulhu bayan hatsari, kuma sau da yawa ana so mu rufe zancen da nasihar haƙuri. Kafin mu nemi yaro ya yafe, mu tambayi maigida ko injin yana da murfi, ko an koya wa yaron aikin kafin a tsayar da shi a gabansa, da kuma abin da zai ci da shi nan da shekara 10 da hannu ɗaya. Yafiya haƙƙin wanda aka cuta ce, sai ya san abin da yake bi kafin a roƙe shi ya bari.