Hakkin Mai Babur A Gidan Mai

 Akwai wata al'ada da ta shiga waɗansu gidajen sayar da man fetur, wadda ta kamata malamai da attajiran Talata Mafara da Bakura da Maradun su dube ta da idon basira. Watau mai mota ya tsaya bakin famfo a cika masa tanki ba tambaya, mai babur kuwa ya biyo bayansa da kuɗinsa a hannu a ce masa ba a sayar wa babura, musamman ran da mai ya yi wuya.

Asalin abin ba ɓoyayye ba ne. Ran 26 ga Fabrairu 2021 ɓarayin daji sun shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe, cikin ƙasar Mafara, suka kwashi yara 279. Cikin Agusta suka faɗa wa kwalejin aikin gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba suka ɗebi almajirai 73 daga makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Kowa ya san babur shi ne dokin waɗannan mutane, fetur kuwa shi ne harawarsa. Saboda haka gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai cikin jarka, ta hana hawan babur da dare, ta ƙayyade man da za a zuba wa mota, har aka yanke wayar hannu. Daga baya an sassauta waɗannan dokoki, amma zaton da suka haifar ya zauna cikin zukata, har ya zamana ganin mutum bisa babur ya isa a ɗaure masa fuska.

Masu gidajen mai suna da hanzari guda biyu, kuma lalle a saurare su. Na fari, suna tsoron hukuma ta tuhume su da ciyar da ɓarayi. Na biyu, sun ce akwai masu babur da kan sha mai, su kewaya bayan gari su tsiyaye shi cikin jarka, su komo layi, har su yi sawu biyar ko shida a yini, daga nan man ya bi hannun 'yan bumburutu zuwa daji. Wannan gaskiya ne, yana faruwa.

Amma fa a duba wanda ake kora. Tun da aka gama madatsar Bakolori cikin 1978, abincin ƙasashen nan uku ya rataya ga noman rani. Manomi da babur yake kai taki fadama, da shi yake ɗauko buhun shinkafa da albasa. Ɗan tireda da shi yake cin kasuwar Talata. Ɗan kabukabu da shi yake ciyar da iyali, mace mai naƙuda kuma shi ke kai ta asibiti daga ƙauyen da mota ba ta shiga. Aikin da jaki ya yi wa kakanni shi babur ke yi wa jikoki. Ɓarawo kuwa ba ya bin layi da rana tsaka. Yana da 'yan aike, yana biyan ninki. Tankin babur bai kai lita 15 ba, na mota ya kan ci 50 ko fiye, ga shi ana iya tsiyaye kowanne. Kadan an kori mai babur, ba shi da mafita sai wajen ɗan bumburutu, ya saya da tsada, ya ƙara wa kasuwar da ake so a kashe ƙarfi.

Malamai sun san hukuncin wannan cikin fiƙihun Malikiyya. An hana sayar da makami ga mai tayar da fitina, an hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Amma sharaɗin hanin shi ne sani, ko zato mai rinjaye a kan mutumin nan da ke tsaye gaban mai sayarwa. Ba wanda ya ce a daina sayar da inabi ga mutanen gari duka. Wanda ya yi wa masu babur kuɗin goro ya ɗora wa salihi laifin fajiri, wannan kuwa zalunci ne ko da niyyar ta yi kyau.

Ko a ƙasashen Turawa an yi irin wannan gardama. Can akwai gidajen abinci masu taga inda a kan miƙa wa mutum cefanensa yana cikin mota, da yawansu kuma su kan ƙi mai keke da mai tafiya ƙasa, wani lokaci har da mai babur, wai don gudun haɗari. Cikin 2018 birnin Fotlan na Amurka ya kafa doka cewa kadan an rufe ƙofar shiga, tilas a sayar wa mai keke da mai ƙafa ta tagar nan. Sun gane abin hawan mutum ba ya rage darajar kuɗinsa.

Maganin abin yana hannun mutanen gari. Garuruwan nan ba su yi girman da ba a san juna ba. Shugabannin 'yan kabukabu su ba kowane ɗansu takardar shaida. Manomin ƙauye ya zo da shaidar mai unguwa ko dagaci. Mai gidan mai ya keɓe famfo guda ga babura, ya sa akawu ya riƙa rubuta lamba, domin wanda ya sha da safe kada ya komo da hantsi. Wanda aka kama yana tsiyaya a miƙa shi ga hukuma da sunansa. Abin da doka ta hana a bar shi, abin da ba ta hana ba kada ɗan kasuwa ya ƙara daga aljihunsa. Limamai kuma su ambaci wannan bisa mumbari, gama maganarsu ta fi shiga kunnen attajiri.

Allah ya kawo ƙarshen fitinar daji, ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya sa albarka ga kasuwa da gona, amin.