Ba Kowane Ciwon Gwiwa Ne Targaɗe Ba



Bara da damina ɗan yayata ya faɗi a filin ƙwallon unguwarmu a nan Kontagora. Ba wanda ya taɓa shi. Ya juya ne zai bi ƙwallo, ƙafar ta kafe a ƙasa, sai ya ji wani "ƙas" a cikin gwiwa. Kafin magariba gwiwar ta kumbura suntum. Muka yi abin da aka saba, muka kai shi wurin mai ɗori, aka ja, aka murza, aka shafa magani aka ɗaure. Daga baya aka yi hoton ƙashi, aka ce babu karaya, muka yi hamdala. Da kumburi ya sace ya koma fili, ranar farko gwiwar ta sake zame masa. Da lokacin ɗaukar sabbin sojoji ya zo, burin da ya taso da shi tun yana yaro, ko gwada gudun bai iya ba.

Sai da likita ya kama ƙafar ya gwada ta da hannu sannan muka san cewa jijiya ce ta tsinke. Na rubuta wannan ne domin na san ba gidanmu kaɗai aka yi wannan kuskure ba.

Manyan jijiyoyi 4 ne ke riƙe da gwiwa. Biyu suna gefe da gefe, biyu kuma sun gitta juna a can ciki. Ta gefen ciki takan warke da kanta cikin makonni idan aka tallafe ta da abin ɗauri aka bi ta a hankali. Amma ta gaba a cikin masu gittawar, wadda likitoci ke kira ACL, idan ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa da kanta ba. Hoton ƙashi kuwa ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiya. Don haka "babu karaya" ba ta nufin babu matsala. Alamun a bayyane suke: ƙara a lokacin faɗuwa, kumburi cikin 'yan sa'o'i, sannan gwiwa ta riƙa zamewa kamar za ta kayar da mutum. Duk zamewa ɗaya tana iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, ƙarshenta mutum ya kamu da amosanin gaɓɓai tun yana da sauran ƙuruciya.

Ba na raina maɗora. Sun yi wa al'umma hidima tun kafin a gina asibiti, suna kusa da mu, kuma ba sa tsawwala kuɗi. Sai dai jijiyar da ta tsinke a tsakiyar gwiwa hannu ba ya kai gare ta. Ja da murza ba sa haɗa ta, sai dai su ƙara kumburi. Ɗaure ƙafa na makonni kuma yana sa gwiwa ta sandare, tsokar cinya ta motse, alhali ita ce za ta ɗauki nauyin da jijiyar ta sauke.

A nan ne aikin likitan gashi yake. Sunan ne ma ke ruɗar mu. Da an ce "gashin ƙashi" sai mu zaci ruwan zafi da tsumma ne, ko fitilar nan mai ɗumi, abin da za a iya yi a gida. Asalin maganin motsa jiki ne, mataki bayan mataki, a ƙarƙashin wanda ya karanci aikin. A kwanakin farko ma sanyi ake so: a huta, a naɗe ƙanƙara a ƙyalle a ɗora na minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar a kan filo. Daga nan sai a koya wa gwiwa miƙewa sosai, sannan lanƙwashewa kaɗan-kaɗan, har mutum ya iya tsuguno da zaman tahiya. Sai ƙarfafa tsokar cinya gaba da baya, sai tsayuwa da ƙafa ɗaya, sai gudu, sai juyi da tsalle a ƙarshe. Yawancin wannan ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Bango, kujera, tawul, matattakala da keke sun isa, muddin akwai mai dubawa yana cewa "ƙara" ko "dakata".

Wani da gashin kaɗai zai koma gonarsa ko kan babur ɗinsa lafiya, ba sai an yi masa aiki ba. Wani kuma, musamman mai son komawa ƙwallo ko wanda gwiwarsa ta ƙi daina zamewa, sai an yi masa tiyata an dasa wata jijiya. To ko an yi tiyatar, rabin aiki aka yi, domin kafin a koma fili akan ɗauki wata 9 zuwa 12 ana gashi.

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo shaidu ne. Rodri na Manchester City ya tsinka wannan jijiya a wasansu da Arsenal a watan Satumban 2024. Da sanduna ya hau dandamali ya karɓi Ballon d'Or a watan Oktoba, kuma bai sake buga wasa ba sai a watan Mayun 2025. Ɗan ƙasarmu Victor Boniface sau biyu ta tsinke masa yana Bodø/Glimt ta ƙasar Norway, ya daure ya yi jinya, har ya ci kofin Bundesliga da Bayer Leverkusen a 2024. Waɗannan da ke da ƙwararrun likitoci da kuɗi sun jira watanni. Mu kuma yaronmu mako uku sai mu ce masa ya daina raki ya tashi. Sannu ba ta hana zuwa.

Na san za a ce kuɗi. Gaskiya ne, hoton MRI da tiyata sai an fita gari, wani a tura shi Minna ko Bida, wani Shika a Zariya, wani har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Amma matakin farko bai wuce zuwa Babban Asibitin Kontagora likita ya duba ba. Wanda aka koya wa atisayen kuma a gida zai riƙa yi kullum, ya koma a duba shi lokaci zuwa lokaci. A auna wannan da asarar matashin da ya daina noma ko acaba yana da shekara 25.

Roƙona uku ne. Iyayenmu maɗora, idan gwiwa ta kumbura nan take ba tare da karaya ba, ku tura asibiti, hakan ƙarin daraja ne gare ku. Masu shirya gasar unguwanni da masu horarwa, ku tanadi ƙanƙara da bandeji a bakin fili, kuma kada ku mayar da yaro wasa don kawai kumburi ya sace. Wakilanmu da masu hannu da shuni kuma, ku sa samar da isassun likitocin gashi da kayan aikinsu a garin nan cikin abubuwan da za ku nema mana, domin zirga-zirgar jinya ita ke sa talaka ya yanke magani a tsakiya.

Ɗan yayata yanzu wata 6 ke nan yana gashi. Ya fara ɗan gudu da asuba, bai koma fili ba tukuna, kuma wannan karon ba mai matsa masa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.