Shawara ga masu garka: Tsuntsu aboki ne ko maƙiyi?

Ƴan uwa manoma, lokacin garka ya zo, kuma masu noman rani suna kukan tsuntsaye. Gaskiya ne kurciya da jan baki suna tsince irin salati da na shu tun bai tsiro ba. Amma ba duka tsuntsaye ke ɓarna ba.

Balbela tana bin fangali tana cin fara da tsutsa. Cilakowa ma ƙwari take ci. Mujiya kuwa, wadda ake jifa don camfi, ita ce ke kama kusu da dare, alhali kusu na cinye dankali da tumatir.

Saboda haka kada ku zuba guba cikin hatsi don kashe tsuntsaye. Guba ba ta zaɓe: tana iya kashe kajinku da zabbinku, ta kai har ga yara.

Ga dabara mai sauƙi: ku rufe wurin renon iri da ƙaya ko tsohon sange har ganye ya yi ƙarfi. Ku rataya gwangwanaye, ku kafa mutum-mutumi, kuna sauya masa wuri bayan kwana 2 ko 3, don tsuntsu yana saurin sabo.

Allah ya ba mu albarkar garka.