Gidan Haya Ko Gidan Kanka A Intanet?

Duk ɗalibin harshe da ke son baje kolin rubutunsa a intanet yakan tarar da hanya biyu a gabansa: ko dai ya kama ɗaki a dandalin da wani kamfani ya riga ya gina, irin su Blogger da WordPress.com, ko kuma ya zage damtse ya gina nasa shafin tun daga tushe. A ganina hanyar farko ta fi dacewa da ɗalibi, amma fa da sharaɗi.

Dalilina shi ne, mai gina shafi da kansa sai ya koyi HTML da CSS, ya biya kuɗin ma'ajiyar da shafin zai zauna, ya kuma riƙa kula da tsaronsa a kai a kai. Mu ɗaliban Hausa ma muna da ƙarin aiki, wato tabbatar da cewa an tsara shafin a kan UTF-8, in ba haka ba ɓ da ɗ da ƙ su rikiɗe su koma alamomin tambaya, mai karatu ya kasa bambance "ƙafa" da "kafa". Manyan dandalolin nan sun riga sun magance wannan matsala. Ashe ke nan lokacin da za a ɓata wajen gyaran shafi, gara a yi amfani da shi wajen rubuta gajeren labari ko sharhin nahawu.

To, sai dai masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mai gida yana iya tashin ɗan haya a duk ranar da ya ga dama. A shekarar 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, shafukan mutane masu ɗimbin yawa suka salwanta. A 2019 Google ya rufe Google+, a 2020 kuma Yahoo Groups ya bi sahu. Harshe irin namu, wanda rubutunsa bai kai na Ingilishi yawa a intanet ba, asarar shafi ɗaya ma ba ƙarama ba ce.

Saboda haka ga sharaɗin. Na farko, duk abin da ka wallafa ka ajiye kwafinsa a kwamfutarka, kuma Blogger da WordPress duk suna ba da damar sauke rubutunka gaba ɗaya. Na biyu, in aljihu ya yarda, ka yi rajistar adireshi na kanka, misali mai ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, domin ko ka sauya gida masu karatunka ba za su ɓata hanya ba. In rubutu ya taru, hannu kuma ya faɗa, sai a yi maganar gini. Allah Ya sa mu dace.