Hoton Zafin Jiki Da Maganin Gyambo: Me Ya Rage Kafin Ya Isa Dalijan?

Duk wanda ya bi ta filayen jiragen sama na ƙasar nan a shekarar 2014, lokacin cutar Ebola, ko a 2020, lokacin annobar korona, ya ga wata na'ura da ake saita wa matafiya don a gano mai zazzaɓi. Irin wannan na'ura ce, mai ɗaukar hoton zafin jiki, masana a ƙasashen waje suke jarrabawa a kan gyambon ƙafa. Batun ya shafi garuruwa irin su Dalijan, a ƙaramar hukumar Gwandu ta Jihar Kebbi, inda yawancin jama'a manoma ne, kuma ƙafa ita ce jarin manomi.

Gyambo miki ne wanda ya ƙi warkewa bayan makonni ko watanni, wani ma shekaru. Sanadinsa ba ɗaya ba ne. Akwai wanda jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya suka raunana, jini ya taru a ƙwaurinsa. Akwai mai ciwon sukari ko kuturta, wanda ƙafarsa ta daina jin zafi, ƙaya ta soke shi bai sani ba. Akwai kuma mai amosanin jini, watau sikila, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita kowace shekara a Nijeriya. Gyambon idon sahu yana daga cikin abubuwan da ke addabar masu wannan cuta idan sun girma.

Yadda na'urar take aiki ba shi da wuyar fahimta. Fatar mutum tana fitar da zafi, ita kuwa na'urar sai ta mayar da shi hoto mai launuka. Wurin da ya kumbura ko ƙwayoyin cuta suka shiga yakan fi kewayensa zafi. Wurin da jini ba ya isa sosai yakan fi sanyi. Ba a taɓa mikin, ba a huda jiki, kuma baƙar fata da fara duk ɗaya ne a wurinta. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a nan, domin jan da littattafan likitanci suka ce a duba a gefen miki ba ya fitowa sosai a baƙar fata.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun cikin shekarun 1970 likita Paul Brand da abokan aikinsa suka yi amfani da ita a asibitin kutare na Carville a Amurka, suka nuna cewa tafin ƙafar da ke shirin fashewa yakan ɗauki zafi tun kafin miki ya bayyana. Binciken da aka buga a Amurka a 2004 da 2007 ya tabbatar da haka ga masu ciwon sukari: idan wani wuri a ƙafa ɗaya ya fi takwaransa na ɗaya ƙafar zafi da fiye da digiri 2.2, to, alama ce ta a huta da tafiya a nemi ma'aikacin lafiya. A Ostareliya kuma, masanan Jami'ar RMIT da cibiyar Bolton Clarke ta birnin Melbourne sun ba da rahoto a 2021 cewa hotunan makonni biyu na farko suna nuna gyambon da zai warke cikin mako 12 da wanda ba zai warke ba. A 2022 suka ƙara da cewa hoton ranar farko kaɗai, idan kwamfuta ta nazarce shi, yana faɗin haka daidai a wajen kashi 78 cikin 100. Tsohuwar hanya kuwa ita ce a riƙa auna faɗin mikin har mako huɗu kafin a yanke hukunci.

Abin da ya jawo hankali shi ne na'urar ta ƙanƙance. Tun 2014 ake sayar da ƙanana, irin su FLIR One, waɗanda ake maƙala wa wayar hannu. Ke nan ma'aikacin ƙaramin asibiti a Dalijan zai iya ɗaukar hoton, ya tura wa likita a Birnin Kebbi ko Kalgo ta waya. Babban amfaninta a irin wannan wuri shi ne tantancewa: wane maras lafiya ne wanki da ɗauri za su wadatar masa a gida, wane ne kuma ya kamata ya kama hanya yau zuwa Asibitin Sir Yahaya, ko Asibitin Gwamnatin Tarayya na Birnin Kebbi, ko na Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ga manomin da zai sayar da buhun gero ya yi kuɗin mota, sanin haka da wuri ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai akwai abubuwa uku da ya wajaba mahukunta su lura da su. Na farko, waɗannan bincike an yi su ne a ƙasashen da yanayinsu ya bambanta da na nan, a kan mutane kaɗan. Na Melbourne bai wuce mutum sittin ba, kuma duk masu gyambon raunin jijiyoyi ne. Ƙa'idar ɗaukar hoton ta tanadi ɗaki mai matsakaicin sanyi, maras lafiya ya zauna kamar minti goma sha biyar ƙafarsa a buɗe. A Kebbi kuwa zafin Afrilu yakan haura digiri 40, mutum ya iso a bayan babur, ƙafa ta sha rana da ƙura.

Na biyu, na'urar ba ta faɗin sanadi. Zafi kawai take gani. Dole sai an auna sukari, an yi gwajin sikila, an auna gudun jini a idon sahu, domin ɗaurin bandeji mai matsewa, wanda shi ne maganin gyambon raunin jijiyoyi, illa yake yi wa ƙafar da jini ba ya isarta. Haka nan tsohon gyambo yakan rikiɗe ya zama ciwon daji, abin da sai an yanki tsoka an kai ɗakin bincike ake tabbatarwa.

Na uku, hoto ba ya warkarwa. Idan na'ura ta ce a kai mutum babban asibiti, alhali ba shi da kuɗin mota, ko aka rasa bandeji da ruwan wanke miki a inda yake, to, ba a tsinana masa komai ba, an dai ƙara masa fargaba.

Saboda haka hanyar da ta fi dacewa ita ce Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi ta fara da ƙidaya: masu gyambo nawa ne ke zuwa ƙananan asibitocin Gwandu da Kalgo, kuma mene ne sanadin kowanne. Daga nan sai a zaɓi asibitoci kaɗan a jarraba na'urar tsawon shekara guda, rani da damina da hunturu, tare da likitocin manyan asibitoci, a kwatanta abin da ta nuna da abin da ya faru da ƙafafun. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Daga wannan asusu, bandeji da abin awon sukari da horar da ma'aikata su ne ya kamata su riga na'ura isa Dalijan. Idan sun isa, kuma jarrabawar ta nuna tana aiki a zafin Kebbi, sai a saye ta da hujja a hannu.